Fulogin da Maigida Bai Mayar Ba

Ya sani ne, ko bai sani ba? Da wannan tambaya nake kwana, da ita nake tashi, kuma har yau ban samu mai amsa mini ba. Tun da Maigida ya fara taɓa mota bai taɓa kwance fulogi ya juya wa inji baya ba. Ko ladan ya yi kira, sai ya mayar da shi ya ɗaure, sannan ya nemi buta. Ran nan kuwa ya kwance, ya ajiye a faifaina, ya tafi. In ya san ba zai dawo ba, me ya hana shi gaya mini? In kuwa bai sani ba, me ya tsayar da shi a ƙofar ɗaki yana dubana haka?

Ni ban san baƙi ba, ban san wasali ba. Maƙwabciyata Modibbo, mai karantar da matan unguwarmu ta Ƙofar Marke, ita ke riƙe da alƙalami. Na roƙe ta ta rubuta yadda na faɗa, kada ta gyara mini, kada kuma ta tsallake zancen ƙarfe don tana ganin bai dace da mamaci ba. Zancen ƙarfen ne ya sa na kira ta.

Ranar da aka kai shi makwancinsa, gida ya cika, ba wurin sa ƙafa. Mata suna shigowa suna durƙusawa: "Ya haƙuri? Allah shi gafarta mai, Allah shi sa ya huta." Yayarsa, tsohuwa tukuf, ta zauna kusa da ni tana lissafa wa mata asalinsa. Ɗan malam, jikan malam, ɗan gidan da fitilar karatu ba ta taɓa mutuwa ba. Aka yabi ubansa, aka yabi kakansa, aka tuno littattafan da suka bari. Na yi ta saurare ko wata za ta ce "direba". Ba wadda ta ce. Motarsa kuwa tana nan a kusurwar gida inda ya bar ta. Duk wadda za ta gitta sai ta tattare zanenta, har wata ta ɗebo tabarmi ta lulluɓe ta, kamar mai rufe tsiraici.

Da yamma ƙanensa ya zo bakin ƙofar ɗakina. Malam Ƙarami muke ce masa. Shi ke limanci a masallacin unguwa, shi kuma ya yi wa Maigida wanka.

Ya ce, "Yaya, ke kaɗai aka bari da shi. Da mi yac cika?"

 Na san abin da yake son ji, na kuma so in ba shi, amma ban ji kalmar shahada da kunnena ba, ba zan ce na ji ba.

Na ce, "Malam, shi kaɗai yash shiga ɗaki. Ban ji ba."

"To mi yac ce miki na ƙarshe?"

Kafin in buɗe baki idona ya riga ni, ya nufi inda motar take. Malam Ƙarami ya gani. Ya ɗaga hannu.

"In zancen ƙarhe na, bar shi cikinki. Kar a ɗauka a kai gari, a ce ɗan gidan ga da zancen mota yac cika."

Ban riƙe shi da wannan ba. Bayan sadakar uku ya dawo, ya zauna a bakin ƙofa, ya gaya mini ya goge yatsun ɗan'uwansa da sabulu, ya goge da toka, baƙin mai ya ƙi fita daga tsagin fata da ƙarƙashin farce. Ya ce, "Haka yat tahi ga Ubangijinai, Yaya, da baƙin ga hannu." Sai ya rufe fuska da rawani. Tsoro yake ji wa ɗan'uwansa, ba ƙiyayya ba ce. Amma in na bar maganar a cikina kamar yadda ya ce, ranar da aka kai ni ita ma an binne ta. Ba mu da ɗa a raye. Za a ce an yi wani ɗan malam a gidan nan, ya rayu ya mutu, ba wanda zai san abin da hannunsa ya iya.

Mutum biyu ne suka yi mini gaisuwar wanda na sani. Na farko ƙanena, mahauci, wanda ya ce a hankali, "Yanzu wa ka kai muna fatu Gusau?" Na biyu tsohon fita mai gyaran mota, Bayarabe, mazaunin Sabon Gari, wanda a hannunsa Maigida ya koyi inji. Bai shiga zaure inda malamai suke ba. Ya zagayo ta ƙofar baya da mota ke shiga, ya yaye tabarma, ya ɗaga murfin inji. Ina bayan zana ina ganinsa. Ya daɗe yana duban tsumman da ke toshe a ramin fulogi na ƙarshe.

Ya ce, "Wa ya sa wannan?"

Na ce, "Ni."

Ya girgiza kai. "Mama, ya koya miki da kyau." Ya sauke murfin a hankali kamar mai rufa wa marar lafiya mayafi, ya tafi yana share ido da hula.

Maigida ba da ƙuruciya ya shiga mota ba. Sa'ad da Nasara suka shigo garin nan ya riga ya yi gemu, yana zaune gaban ubansa da littafi. Amma hannunsa bai taɓa zama ba. Kwaɗon da ya ƙi buɗuwa, fitilar da ta ƙi ci, duk shi ake kawo wa. Aurena ma da ya yi, ni ɗiyar mahauta, sai da aka daɗe ana maganarsa a gidan nan. Da motoci suka fara zuwa daga Gusau, ya je kallo sau ɗaya, ya dawo bai iya cin tuwo ba. Ya ce mini, "Abin ga ba aljani ba na, ba kuma sihiri ba. Wuta ce ƙarama aka ƙyasta mai ciki." Bayan rasuwar ubansa ya kwashe littattafan ya miƙa wa ƙanensa, ya ce, "Kai ka fi ni riƙonsu." Gafakar fatar da ake sa su kuwa ya riƙe ta, a cikinta ya zuba kayan aikinsa. Ya yi shekaru yana tuƙa ta wasu, sannan shi da 'yan'uwana masu fatu suka haɗa hannu aka sayo wannan tsohuwa.

Da farko a waje yake ajiye ta, gindin wata bishiya bayan ganuwa. Ni ina kulle, ban taɓa ganinta ba, ƙararta kawai nake ji. Sai shekarar da autanmu ya rasu, shi ne na ƙarshe cikin waɗanda Allah ya ba mu ya karɓe. Na daina magana. Ina dafa abinci, ina shara, amma in an yi mini magana sai in dubi mutum kawai. Aka yi rubutu na sha, aka yi turare, ba abin da ya sake.

Wata safiya na ji ana sarar katangar bayan gida. Na fito na tarar da Maigida da magina suna fasa ta. Malam Ƙarami yana tsaye yana cewa:

"Katangar da kakanmu yag gina? Ka shigo da kayan Nasara inda aka yi karatu?"

Maigida ya ce, "Kakanmu jaki garai, kuma cikin gida yaka ɗaure shi. Wanga nawa jakin na."

Suka daɗe ba sa cin abinci a kwano ɗaya saboda wannan. Da motar ta shigo, ya buɗe murfinta, ya leƙo ɗakina ya ce, "Ke, ɗiyar mahauta, ara min faifai. Ki zo da shi da kanki, ban da mai riƙe min." Ƙarya yake, masu son riƙe masa sun cika gari. Na fito na riƙe. Kashegari ma na riƙe. Bai taɓa ce mini don ni ya fasa katangar ba, ni ma ban taɓa tambayarsa ba. Amma kalmar da na fara furtawa bayan dogon shirun nan, a gaban injin na furta ta. Na dubi fulogi biyu a faifai na ce, "Wannan ya fi wancan baƙi." Bai ɗago kai ba, ya ce, "Kin gani ke nan." 

Modibbo, rubuta aikin yadda yake yinsa, don ko wani ya karanta ya san ba hauka yake yi ba.

Fulogi huɗu ne a jere a kan injin, kamar nonon saniya, kowane da wayarsa. Kowane yana da farin tangaran a sama, da ɗan ƙarfe lanƙwasasshe a ƙasa inda wuta ke tsalle. Da hantsi yake aikin, bayan motar ta kwana ta huce. Yakan ce, "Ƙarhe mai zafi kamar mutum mai hushi na, ba a kwance mai komi." Sai ya shimfiɗa buzu, ya zazzage gafaka. Akwai sifanar fulogi, doguwa mai rami kamar bututu, da sandar ƙarfe da ake zurawa a murɗa ta. Akwai burushi mai gashin waya, da filaya, da gwangwanin kananzir, da tsummoki da nake yaga masa daga tsofaffin zannuwana. Akwai ma'auni, wasu siraran ganyen ƙarfe da aka haɗe wuri ɗaya, wanda yake nannaɗewa a ƙyalle mai mai don kada ya yi tsatsa. Abu ɗaya ne ba ya cikin gafaka, shi ne karan gwanda, wanda yake tsinkowa sabo daga bayan ɗakina.

Da karan gwandan yake farawa. Kafin sifana ta taɓa fulogi sai ya hure duk ƙasar da ta taru a gindinsa, domin in an kwance, rami ne buɗe har cikin inji, kuma ƙwayar yashi ɗaya in ta faɗa sai ta yi ta cin ƙarfe daga ciki ba mai gani. Ɗaya-ɗaya yake cirewa, ba ya taɓa na biyu sai ya gama da na farko ya mayar masa da wayarsa. Yakan ce wayoyin kamar sahu ne, in wata ta tsaya a wurin wata sallar ta ɓaci. In ya ciro sai ya miƙo mini, mu duba tare. Ubana in ya fasa saniya hanta yake fara dubawa, daga ita yake sanin irin kiwon da ta ci. Haka Maigida da fulogi. In bakinsa ya yi launin gasasshiyar gyaɗa, lafiya lau. In ya yi baƙin gindin tukunya, motar tana shan fetur fiye da ƙima. In ya jiƙe da mai, sai ya yi tsaki, ya ce tsufa ne, kuma tsufa ba shi da fita.

Wanda zai gyaru ya jiƙa shi a kananzir, ya goge da burushi, ya zura ganyen ma'auni a bakinsa. In ya buɗe da yawa ya ɗan ƙwanƙwasa, in ya matse ya ɗan ɗaga. Wanda tangaransa ya tsage kuwa ba magani sai sabo, kuma sabo daga Kano ake kawowa, sai an jira. Wurin mayarwa ne ya fi tsanani. Da yatsu ake fara murɗawa har ya zauna da kansa, sifana ba ta zuwa sai a ƙarshe, ita ma kaɗan. "Yatsa ka jin ƙarya," in ji shi. "Sifana ba ta da kunne, in ya hau karkace tura shi za ta yi har ta kashe ramin." Da idonsa ya fara rauni, yatsuna ne ke fara murɗawar. Ba wanda ya san wannan a Sakkwato sai ni da shi, yanzu kuma sai ke.

Faɗan da muka yi mafi girma a kan fulogi ne. Yana son ya ga ko wani yana ba da wuta, ya ce in ɗora shi a jikin inji in dube shi, shi kuma ya je gaba ya murɗa ƙarfen tayarwa. Ya manta bai ce in sake wayar ba. Yana murɗawa na ji kamar an sare ni da sanda daga yatsa har kafaɗa. Na yi jifa da faifai. Sabon fulogin da ke kai, wanda ya daɗe yana jira, ya bugi dutse ya tsage.

Ya ce, "Gidanku haka aka jihwa da wuƙa in ta yanki mutum?"

Na ce, "Gidanmu ba a miƙa ma mutum wuƙa ta wurin kaihi."

Na shige ɗaki. Ranar tuwo ya ci da miya ba nama, kashegari ma haka, shi da ya auri ɗiyar mahauta. Da abin ya ishe shi ya zo ya tsaya a ƙofa ya ce in fito in rama. Ya kama wayar da hannu biyu, ya runtse ido, ya ce in murɗa. Na kama ƙarfen, na tura, na ja, na hau shi da dukan nauyina, ko motsi bai yi ba. Shi kuwa yana tsaye ido rufe yana ta salati yana jira. Da ya buɗe ido ɗaya ya gan ni rataye a jikin ƙarfe, dariya ta kayar da shi a kan buzu. Ya ce, "To bashi na, kya biyo ni." Ban taɓa ramawa ba.

Ba waliyyi ba ne. Yana da taurin kai, kuma in inji ya ƙi masa ba a yi masa magana. Amma ban taɓa ganin ya ɗora sifana bai yi bisimilla ba, kuma in ya wuce mai tafiya a ƙasa da kaya a ka, sai ya tsaya. Abin da na sani ke nan na tsakaninsa da Ubangijinsa. Sauran ba a nuna mini ba.

Yanzu an yi sadakar arba'in, an raba gado. Bayan an biya 'yan'uwana kasonsu, motar ta faɗa rabon Malam Ƙarami, ya kuma sayar wa wani ɗan kasuwa na Sabon Gari. Gobe tsohon fita zai zo ya tayar da ita a fitar, magina kuma su toshe katanga. Gafakar ma Malam Ƙarami ya ce in zazzage masa, ta ubansu ce, littattafai za su koma ciki. Gaskiyarsa ce. Na zazzage, na ɗaure ƙarafan a tsohon zane, ban san wanda zan ba ba.

Fulogin na ƙarshe yana nan a faifai a ƙarƙashin gadona. Na goge shi, na auna bakinsa, daidai yake. Na san yadda zan mayar da shi, yatsuna sun fi na kowa sanin ramin nan. Sau da yawa na ɗauko shi na fita har gaban motar, na ɗaga murfi, na kama bakin tsumman, sai in kasa ja. In na mayar, aikin da ya bari ya ƙare, ba sauran abin da ke jiransa a gidan nan. Na san ba ya dawowa, Modibbo, ba sai kin dube ni haka ba. Na san fita zai zo da nasa fulogin a aljihu, ya fizge tsumman ya yar, motar ta tashi. Zan ji ƙararta tana nisa kamar yadda nake ji a dā, sa'ad da ban taɓa ganinta ba. Amma ba da hannuna za a cire shi ba. Ni aka bar wa tsaronsa.

Ga yadda aka bar mini. Ranar da hantsi ne, kamar kullum. Ya gama uku, kowane ya koma wurinsa da wayarsa. Ya hure gindin na huɗu, ya kwance, ya miƙo mini. Na ce, "Gyaɗa." Ya ce, "Madalla." Sai na ga ya dafa motar, ya ɗora ɗayan hannun a ƙirji. Na ce ko in kawo ruwa. Ya ce a'a, zafi ne ya taso masa, bari ya ɗan kishingiɗa. Ya bar sifana a kan buzu, bai ko goge ta ba. Iska ta ɗan taso tana kaɗa ƙasar tsakar gida. Ya taka a hankali har ƙofar ɗakinsa, ya tsaya, ya juyo ya dube ni, ya daɗe. Na yi abin da ya ce, na zauna ina jira har inuwar katanga ta janye daga kan motar. Da na shiga na same shi kwance a gefen dama, fuskarsa gabas.

Malam Ƙarami ya ce in bar maganar a cikina. Na bar ta har ta ishe ni. Allah ya gafarta wa Maigida, ya wanke masa hannun da sabulu ya kasa wankewa. Rubuta, Modibbo, yadda ya faɗa, a tsaye a ƙofar ɗakin nan:

"Ɗiyar mahauta, toshe ramin ga da tsumma kar ƙasa ta shiga. Ki tsaya wurin, ina dawowa."